In gidan tarihi ya nemi aron kayan cocinku don baje kolin salon Gotik, ga yadda za ku bi da lamarin

Yawanci wasiƙa ce ke faɗowa, ko imel, daga wani gidan tarihi, su ce suna shirya baje koli kan salon Gotik da aka farfaɗo da shi a ƙarni na 19, kuma sun samu labarin akwai tsoffin takardu da kayan sujada a wajenku, ko za ku ba su aro. Nan take sai kwamiti ya rabu biyu, wasu murna har kunne wai sunan coci zai fita duniya, wasu kuma su ce atafau ko tsinke ba zai bar ɗakin ajiya ba. Ni dai a ganina duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Ana iya bayarwa kuma a ci riba, amma fa sai kun riga masu aron sanin abin da ke hannunku, kuma sai komai ya hau takarda.

Da farko dai ku san me suke nema. Salon nan na baka mai tsini da dogayen tagogi masu gilashi kala-kala da hasumiya siririya asalinsa na tsakiyar zamanai ne a Turai, sai aka dawo da shi a Ingila, tun daga gidan Horace Walpole na Strawberry Hill da ya fara gyarawa wajen 1749. Amma wanda ya mai da abin akida shi ne Augustus Welby Pugin, an haife shi 1812 ya rasu 1852, shekara 40 kacal ya yi a duniya. Shi ne ya yi aiki da Charles Barry a sabon ginin majalisar dokoki ta Westminster bayan gobarar 1834, kuma shi ne ya tsara sashen kayan salon tsakiyar zamanai a babban baje kolin Landan na 1851. Lokacin ma ya zo masa daidai, don dokar 1829 ta sassauta wa Katolika a Birtaniya suka shiga gine-gine ba kama hannun yaro, su kuma 'yan Angilikan ƙungiyar Cambridge Camden da aka kafa a 1839 ta sa su a gaba kan sai an gina coci yadda na da suke. Daga nan su George Gilbert Scott da William Butterfield da G. E. Street suka ɗora, abin ya tsallaka har Amurka da Ostareliya.

To me ya kawo masu baje kolin wajenku alhali manyan gidajen tarihi suna da kujeru da tayil da zane-zanen Pugin jibge? Abin da ba su da shi shi ne labarin kayan. Ku ne kuke da rasit ɗin da ya nuna wa ya saya, nawa aka biya, wace shekara, ku ne kuke da wasiƙar da fada ya rubuta wa magini yana ƙorafin kuɗi sun ƙare, da littafin tarihin gida da sistoci ke cikawa shekara bayan shekara. Mazaunin kyandir da babu takarda a bayansa ado ne kawai a akwatin gilashi, amma in aka ajiye rasit ɗinsa a gefe ya zama hujja. Baje kolin Pugin da gidan tarihin Victoria da Albert ya yi a 1994 da aron kaya daga coci-coci da kwalejojin horar da limamai aka cika shi. Haka na tsibirin Tasmaniya da ke Ostareliya a 2002, wanda ya bi sawun kayan da Bishop Robert Willson ya tafi da su Hobart, babban birnin tsibirin, a 1844. Saboda haka kar ku shiga maganar kamar alfarma ake muku.

Ku fara da lissafin abin da kuke da shi

Kafin ku amsa wasiƙar ma, a samu mutum biyu, ɗaya na dubawa ɗaya na rubutawa, su bi ɗakin ajiya da ɗakin shirin limamai da saman silin da ƙarƙashin bene, duk inda ake tura abin da ba a san yadda za a yi da shi ba. Kowane abu a ba shi lamba, a auna tsawo da faɗi, a ɗauki hoto gaba da baya da ƙasa, a rubuta inda aka same shi. Lambar da fensir mai laushi za a rubuta a bayan takarda, banda biro, banda sitika. In abin ƙarfe ne ko tufa sai a ɗaura ɗan kati da zare. Wannan ba sabon nauyi ba ne ma, dokar cocin Katolika sashe na 1283 ta riga ta ce a riƙa ajiye cikakken jerin kadarori, a cocin Ingila ma wakilan ikilisiya da ke kula da kaya aikinsu ne su riƙe irin wannan rajista. Kawai dai a wurare da yawa za ka tarar rabon da a taɓa ta an manta.

Kuma don Allah kar a sake jera takardu yadda wani ya ga ya fi kyau. In kun tarar da wasiƙu a ɗaure wuri guda da rasit da ɗan yankin yadi, ku bar su tare, wanda ya ɗaure su yana da dalili, wataƙila samfurin yadin da aka aiko ne kafin a ɗinka alkyabbar bishop, in kuka raba su shi ke nan kun yanke zaren.

Abin da masu baje koli suka fi zumuɗi a kai: zanen gini na asali, manyan zanen tagogi da ake yi daidai girman tagar kafin a yanka gilashi, katalog ɗin kamfanoni, littafin kuɗi, ƙoƙon jibi da faranti da gicciyen jerin gwano, tufafin sujada da mayafin bagade, sai tsoffin hotuna. Hotunan nan kar ku raina su ko da sun dushe. Bayan babban taron Vatican na biyu, 1962 zuwa 1965, coci-coci da yawa sun sake fasalin ciki, an cire shingaye an matsar da bagade. A babban cocin St Chad na Birmingham, wanda aka buɗe 1841, an cire shingen katakon da Pugin ya tsara a 1967, yanzu yana wani cocin Angilikan a Reading. To in naku cocin ma an yi masa irin wannan, hoton auren kakar wani na iya zama shi kaɗai ne shaidar yadda wurin yake a da.

"Ai Pugin ne ya yi shi"

Wannan maganar kusan kowace ikilisiya mai baka mai tsini tana da ita, kuma sau da yawa ba haka ba ne. Pugin bai ƙera da hannunsa ba, zane yake bayarwa, kamfanin John Hardman na Birmingham ya yi aikin ƙarfe tun 1838 ya ƙara da gilashi a 1845, Herbert Minton ya yi tayil, Crace ya yi kayan ɗaki da takardar bango, George Myers ya yi gini. Bayan rasuwar Pugin kamfanin Hardman ya ci gaba da fitar da kaya a salon nan shekaru da dama ƙarƙashin surukin Pugin, John Hardman Powell, ga kuma 'ya'yan Pugin ɗin Edward da Peter Paul su ma masu zanen gini ne. Kun ga ke nan "Pugin" ɗin da ke bakin tsofaffi zai iya zama ɗan ne, ko surukin, ko ma wani kamfani can da ya kwaikwaya.

Ga yadda za ku gwada. Ku juya ƙoƙon jibi a hankali, ku haska fitilar waya ta gefe ba kai tsaye ba, ku duba bakin ƙoƙon da ƙarƙashin gindi. In azurfar Ingila ce za ku ga 'yan ƙananan tambura a jere, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba: zaki yana tafiya shi ke nuna ingancin azurfa, anga ta jirgin ruwa na nufin a Birmingham aka tantance, kan damisa Landan ke nan, sai harafi guda da ke nuna shekara, sai haruffan sunan maƙerin. Kar ku yi mamaki in ƙoƙon na da tambari gindin ba shi da shi, da yawa saman ne kawai azurfa, ƙasan tagulla ce aka yi wa ruwan zinariya don talakan ikilisiya ya iya saya. A bayan tayil ko wasu kayan ƙarfe kuma kuna iya ganin wata alama mai siffar lu'ulu'u, ta rajistar zane ce da aka yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883, masani zai karanto muku har ranar rajista daga jikinta. Littattafan cinikin kamfanin Hardman suna nan a adane a Birmingham, in shekarar tambarinku ta dace da rasit ɗinku ta kuma dace da littafinsu, to kun gama. In ba ta dace ba ku faɗi gaskiya, ku ce wa gidan tarihin ga abin da aka gada a baki, ga kuma abin da takarda ta nuna.

Su ma tufafi haka. Ba duka kamfani ya ɗinka ba, gidajen sistoci da yawa suna da ɗakin aikin allura, misali sistocin St Margaret na East Grinstead da John Mason Neale ya kafa a 1855 sun yi suna a wannan fanni. Matan nan ba kasafai ake sa sunansu a jikin aikin ba, sai dai a littafin gida, kuma wannan na daga cikin abin da ku kaɗai za ku iya fito da shi. Gidan sistocin Mercy na Handsworth ma misali ne mai kyau na yadda komai ke sarƙe, Pugin ya zana, John Hardman babba, mahaifin mai kamfanin, ya zuba kuɗi, aka buɗe 1841, 'yar Hardman ɗin kuma ta zama shugabar gidan ta farko.

Kar ku wanke, kar ku goge, kar ku liƙe

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Ana jin baƙi za su zo sai wata baiwar Allah ta ɗauko man goge ƙarfe ta dirje ƙoƙo har ruwan zinariyar ya tafi, wani ya kawo salatif ya liƙe zanen da ya yage, wani ma ya ce a kai a yi laminatin. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Salatif yana rawaya ya bar tabon da ba ya fita, laminatin kuwa ba a dawowa daga gare shi. Zane da ya daɗe a naɗe kar a tilasta buɗe shi, musamman takardar kwafi mai shara-shara, tana karyewa ne ba yagewa ba. Tawadar da ta koma ruwan ƙasa tana cin takarda a hankali, in kun ga layin rubutu ya fara hujewa ku rufe ku bar wa masani. Tsohon siliki kuma in ya fara tsagewa da kansa kar a rataye shi, a kwantar da shi, a cusa takarda marar asid a lanƙwasar.

Takarda da hannu mai tsabta busasshe ake taɓa ta, safar auduga tana sa mutum ya kasa jin gefen shafi ya yaga. Ƙarfe da hotuna su ne ke son safar hannu siririya irin ta nitrile, don gumin yatsa yana barin shaida. Wani abu da mutane ba su cika sani ba: koren launi mai haske a bangon wasu littattafai da takardar bango na zamanin Sarauniya Victoria yana iya ƙunsar gubar asinik, don haka in kun ci karo da irinsa ku sa safa, ku sa shi a leda, ku wanke hannu, kuma ku gaya wa gidan tarihin.

Wa ke da ikon cewa eh?

Ba mai riƙe da makulli ba dai. A cocin Ingila ba a fitar da kaya masu daraja haka kawai, sai majalisar ikilisiya ta yarda, a kuma nemi izinin dayosis, ku fara da babban dikin na yankinku shi zai ce muku wace takarda ake bukata, manyan coci-coci kuma nasu tsarin daban ne. Sannan tun dokar 1978 rajistocin da suka haura shekara 100 yawanci an kai su ofishin adana takardu na yanki, to in a can naku suke, da ku da ofishin ne za ku amsa tare. A Katolika a tuntuɓi ofishin bishop, in gidan sufaye ne ko na sistoci sai shugabannin ƙungiyar. Ku tabbatar ma kayan naku ne, wani lokaci iyali ne suka ajiye ba kyauta suka bayar ba. Duk wannan na cin lokaci, shi ya sa gidajen tarihi na kirki ke neman aro wata shida zuwa shekara kafin buɗewa. Wanda ya zo saura sati uku yana ce muku a yi sauri, ku ba shi haƙuri ku ba shi hoto.

Akwai kuma tambayar da ba ta doka kaɗai ba ce. Ƙoƙon da aka keɓe don sujada ba kofi ba ne, sashe na 1171 na dokar Katolika ya ce a girmama irin waɗannan kaya, kar a yi amfani da su ta hanyar da ba ta dace ba. Ku zauna ku yanke abin da zai iya fita da wanda ba zai fita ba, da sharuɗɗan nuna shi. In akwatin ajiyar kayan waliyyai ne, za a cire abin cikin ko kuwa? Kun yarda a buga hoton gicciyenku a jikin jaka da kofin shayi a shagon gidan tarihin? Wasu ba su damu ba, wasu kuma ransu zai ɓaci sosai, gara a yi gardamar yanzu a cikin gida.

Yarjejeniya

Mai shirya baje kolin zai zo da fara'a, ya sha shayi da ku, ya yaba komai, kuma galibi da gaske yake. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka, gobe ana iya canja masa wurin aiki, takarda ce za ta rage. Ku nemi rahoton yanayin ginin nasu tukuna, tsaro, kariyar gobara, na'urar daidaita zafi da laima. Abin da aka saba shi ne takarda da tufafi da zanen ruwa kar haske ya wuce lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, laima tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari ba tare da hawa da sauka ba, zafi tsakanin digiri 16 da 25. Ɓarnar haske taruwa take yi kuma launin da ya kode ya tafi ke nan, saboda haka wata uku zuwa shida ya isa, in baje kolin zai zaga garuruwa ku ce a riƙa musanyawa ko a sa kwafi. Littafi a ɗora shi a kan mazauni daidai buɗewarsa, a riƙa juya shafi. Azurfa kuma kar a shimfiɗa mata ulu ko roba a akwati, suna sa ta baƙi.

A rubuta ranar ɗauka da ranar dawowa, da darajar kowane abu a kuɗi daga bakin ƙwararren mai kimantawa ba hasashen kwamiti ba. Inshora ta fara daga lokacin da hannunsu ya taɓa kayan a wajenku har ya dawo mazauninsa. A Birtaniya akwai tsarin da gwamnati ke tsaya wa kayan aro a madadin inshorar kamfani, ƙarƙashin dokar 1980, amma ku sani ba ya biyan lalacewar da dama can tana jikin abin. Kuɗin kwali da mota da gyara duka na mai aro ne. Kuma babu wanda zai gyara ko ya goge ko ya cire daga firam sai da izininku a rubuce. In ma abin na bukatar gyara kafin a nuna shi, nan ce ribarku, ku sa su biya masanin, kayan ya dawo muku ya fi yadda ya tafi.

Rahoton lafiyar kaya shi ne ginshiƙi. Kafin a naɗe, wakilinku da nasu su duba tare, kowane tsagu da tabo da zaren da ya saki a rubuta a ɗauki hoto, su sa hannu. Za a maimaita a can in an buɗe, a maimaita ranar rufewa, a maimaita in ya dawo. In abin mai rauni ne sosai kuna da damar tura mutum ya raka shi ya ga an sa a akwati an kulle.

Sirrin mutane da bayanin da za a manna

Littafin tarihin gida ba zancen gini kaɗai ke ciki ba, a shafi ɗaya za ka ga an kawo sabon gilashi, a ƙasansa kuma ciwon wata sista ko rigimar wani iyali ko sunan yaron da aka kawo gidan marayu. Ku karanta shafin da za a buɗe da na kusa da shi duka. In akwai wanda yake raye dokar kare bayanai ta shafe ku, in ma duk sun rasu jikoki na nan. Haƙƙin mallaka ma da ɗan tarko: mallakar takarda daban, mallakar abin da aka rubuta a kanta daban, kuma a Birtaniya tsoffin rubuce-rubucen da ba a taɓa bugawa ba da yawansu suna da kariya har ƙarshen 2039. In za a yi sikanin, ku ce a ba ku kwafi mai inganci, a kuma fayyace inda za a sa hotunan da tsawon lokaci.

Ku nemi ganin ɗan bayanin da za a ajiye gefen kayanku kafin a buga. Ba don ku hana su faɗin ra'ayinsu na masana ba, wannan aikinsu ne, amma don kar a kira abu da sunan da ba nasa ba, kar kuma a rubuta "an yi amfani da shi a da" alhali Lahadin da ta wuce ma yana kan bagade. Ku zaɓi yadda za a ambace ku, in kuna tsoron ɓarayi ana iya cewa daga wata ikilisiya kawai ba tare da suna ba, kuma gaskiya wannan tsoron ba wasa ba ne, baje koli talla ce ga kowa har da mai mugun nufi, sai ku duba makullanku da ƙararrawa kafin kayan su dawo.

Ku kuma duba kalandarku. In alkyabbar da suke so ita ake sawa a Ista ko Kirsimeti, ko dai a gyara ranaku ko a nemo madadi tun da wuri. Ku roƙi rana guda da 'yan ikilisiya za su shiga kyauta, musamman tsofaffi, don sau da yawa a gaban akwatin gilashin ne wani zai tuno wa ya ba da abin, sai a sa mai rubutawa a kusa.

Ranar dawowa kar a karɓa a bakin ƙofa a sa hannu a guje. A bar akwatin ya kwana a rufe ya saba da yanayin ɗakin, washegari a buɗe da rahoton farko a hannu, a bi abu ɗaya bayan ɗaya, in an ga sabon lahani a ɗauki hoto a sanar da su a rubuce a ranar. Sannan a shigar cikin rajista cewa abu mai lamba kaza ya je baje koli kaza daga rana kaza zuwa kaza, a haɗa yarjejeniyar da rahotannin da kwafin katalog a fayil guda, a kuma rubuta wata nawa takarda ko tufar ta sha haske, don in wani gidan tarihin ya sake nema nan kusa ku san ko za ku bayar ko za ku ce a bari ta huta wasu shekaru.